Yadda muka bi gyaran kan fikafikan turbin, daga leƙen farko har zuwa tayar da inji

Injin bai yi wata baƙuwar ƙara ba, girgizarsa ma ba ta wuce ƙa'ida ba. Lissafi ne ya tona asirin. Babban injin turbin ne mai aiki da gas, irin wanda ke juya janareto sau 3,000 a minti ɗaya, kuma ya doshi awa 24,000 yana aiki, lokacin da akasarin masu ƙera irin waɗannan injuna ke cewa a buɗe a duba hanyar da wuta ke bi. Lantarkin da yake bayarwa ya ragu, gas ɗin da yake sha kan kowane megawat ya ƙaru. Kafin mu zargi komai sai da muka mayar da alƙaluman kan ma'aunin da kowa ya yarda da shi, wato zafin digiri 15, damshin kashi 60 cikin ɗari da matsin iskar bakin teku, domin turbin yana rage ƙarfi duk ranar da aka yi zafi ko da lafiyarsa ƙalau. Daga nan muka wanke kwamfuresa, wato sashen da ke matse iskar da ke shiga injin, tunda dattin da ke manne wa fikafikanta shi ya fi jawo irin wannan raguwa. Wani kaso na ƙarfin ya dawo, wani ya ƙi. Wanda ya ƙi dawowar shi ya kai mu kan fikafikan sahun farko, wato jerin farko na fikafikai masu juyawa da wutar ke bugawa. Na rubuta abin da ya biyo baya bi da bi saboda akwai wuraren da muka ruɗe, waɗanda da wani ya yi mana bayaninsu tun farko da mun huta.

Matakin farko jira ne. Ba a kashe irin wannan inji a tsayar da rota, wato sandar da ke juyawa ɗauke da fikafikai, nan take. Ana barinta kan ƙaramar motar da ke juya ta a hankali har ta huce, don idan ta tsaya da zafinta, iska mai ɗumi za ta taru a sama, rotar ta lanƙwashe kamar baka. Kwana biyu muka yi muna duba zafin da ke tsakanin faifan rota kafin ya sauko inda littafin injin ya yarda, kuma kan kyamarar da ake zurawa a leƙa cikin injin ma ba ya jure zafi sosai. A cikin kwanakin aka cika takardar izinin aiki, aka rufe bawul ɗin gas aka sa masa kwaɗo, aka yanke wutar motar tayarwa, aka kulle na'urar kashe gobara ta ɗakin injin don kada ta tashi da mutum a ciki.

Ya kamata mutum ya shiga leƙen da sanin abin da ke faruwa a kan fiffike, in ba haka ba zai ga ɓarna bai san sunanta ba. Fiffiken turbin yana da ciki da baya kamar cokali. Matsin gas mai zafi da ƙuna ta haifar yana da yawa a cikin, yana da ƙaranci a bayan, bambancin nan ne ke tura fiffiken ya juya rota. To amma dole a bar rata tsakanin kan fiffike, wato ƙarshensa na nesa da rota, da farantan da aka jera a cikin ganga, wato murfin ƙarfen da ya kewaye rota, don kada su gogi juna. Ratar ƙarama ce, yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na tsayin fiffiken, ka ce milimita 1.5 zuwa 3 a fiffike mai milimita 150. Gas kuwa ba ya raina ƙofa. Yana tsallakawa ta nan daga ciki zuwa baya da gudu mai tsanani, a wasu injunan har ya wuce gudun sauti, ba tare da ya yi wa fiffiken aikin komai ba, sannan ya fito ta baya ya naɗe ya zama 'yar guguwa da ke dagula sauran gas ɗin. John Denton na Jami'ar Kambirij, a nazarinsa na 1993 kan hasarar ƙarfi a irin waɗannan injuna, ya ƙiyasta cewa wannan yoyo kan kai kusan kashi ɗaya bisa uku na dukan hasarar. Sai kuma zafi. Lokacin da gas ya karya kwana a gefen ciki zai shiga ratar, yana ɗagowa daga jikin ƙarfen ya matse, sannan ya sake faɗowa gaba kaɗan. Inda ya faɗo ɗin zafi na shiga ƙarfe fiye da kusan ko'ina a jikin fiffiken. Ga shi kan yana shan wuta ta fuska uku, ciki da baya da sama, ga shi kuma nan ne ƙarshen tafiyar iskar sanyaya da ke shigowa ta gindi, ta riga ta ɗumama kafin ta iso. Gas ɗin da ke isa sahun farko a irin injinmu ya kai kimanin digiri 1,300, dab da inda gaurayen nikel ɗin da aka zuba fiffiken da shi ke fara narkewa, iskar sanyayar da ake ɗebowa daga kwamfuresa ita kanta tana kusan digiri 400. Shi ya sa ake yi wa kan kwarmi, da siririn leɓe kewaye da shi. Gas ya tsallake leɓen farko ya faɗa kwarmi, ya yi juyi ya rasa ƙarfi, sannan ya sake matsewa a leɓe na biyu. Idan aka yi goga kuma, leɓen ne zai cinye, rufin hanyoyin iskar ciki ya tsira. Illar leɓen ita ce sirantakarsa da nisansa daga iskar sanyaya, don haka shi ke fara ƙonewa.

Leƙen ya ci yini guda. Aka cire murafan ramukan leƙe, aka zura kyamara, ana gusa rota kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoton kowane fiffike daga kusurwa ɗaya. Fikafikan sun kai kusan casa'in kuma duk kama ɗaya gare su, don haka a zaɓi ɗaya mai tabon da ba a mantawa a fara ƙirga daga kansa. Mu ƙirgan ya ɓace mana a tsakiya, sai da muka sake zagaye. Leɓunan sun cinye, shafen kariya ya ɓare a wurare da yawa, a kan farantai kuma ga tabon goga. Kowa ya ce ai goga ce, rahoton farko ma abin da ya rubuta ke nan, kuma nan ne ruɗewarmu ta farko. Goga da ƙuna ba kamanninsu ɗaya ba. Goga tana barin kai sumul da layuka masu bin hanyar juyawa, ƙarfe ya ɗan tattaru a gefen baya, ta fi cin fikafikan da suka fi tsawo, a kan farantai kuma sau da yawa wani yanki na da'irar kawai take taɓawa. Ƙuna tana barin leɓe da kaushi, gefensa a zagwanye, launinsa toka-toka ko kore-kore, ta fi tsanani a leɓen ciki daga tsakiya zuwa jela, tare da ƙananan tsagu masu gangarowa daga kai. Namu duka biyun ne, kuma jerin yadda suka faru shi ne muhimmi. Goga ta kankare shafen da ke kan leɓe, ƙarfe ya fito tsirara, wuta ta ci shi, rata ta buɗe, gas mai zafi ya ƙara samun hanya, ƙunar ta ƙara sauri. Wannan zagaye in ya kankama ba ya tsayawa da kansa.

Kafin a kwance ko noti ɗaya aka nemi tarihin injin: awannin aiki, yawan tayarwa, yawan katsewa da lodi, da tazarar da ke tsakanin kowace kashewa da tayarwar da ta biyo ta. Haɗa wannan ya ci mana kwana uku saboda wani yana kwamfuta, wani yana littafin masu aikin kwana. Wasu masu ƙera injin suna lissafa katsewa ɗaya da cikakken lodi daidai da tayarwa takwas, don haka injin ya fi tsufan da agogonsa ya nuna. Amfanin tarihin shi ne rata ba abu ne tsayayye ba. Da an tayar, gudun juyawa yana miƙar da fikafikai da faifai nan take, fikafikan su ɗau zafi cikin daƙiƙoƙi su ƙara tsawo, ganga ta biyo baya, faifan rota masu kauri kuwa sai sun yi awanni kafin su gama buɗewa. Bayan an kashe sai abin ya juya: ganga ta riga rota hucewa ta tsuke, rota na nan a kumbure da zafinta. Wanda ya sake tayarwa a wannan tsakani ya ɗora miƙewar gudu a kan rotar da ba ta koma ba, cikin gangar da ta riga ta matse. Da muka jera ranakun sai ga lokutan da injin ya katse aka sake tayar da shi cikin 'yan awanni don a mayar da wuta da wuri. Raina bai yi daɗi da wannan shafi ba, don kowa da kyakkyawar niyya ya yi, amma nan gogar ta samo asali.

Buɗe ganga ya ɗauki kwana huɗu, haɗe da sa jak a ƙarƙashinta don kada ta sauka idan an ɗage rabin sama. A nan ne wuri na biyu da ake tafka kuskure. Masu aikin suna sauri, kuɗin ƙugiyar ɗaga kaya na tafiya kullum, kowa na son a fara zare fikafikai. Kada a yarda a zare ko ɗaya sai an auna ratar yadda aka same ta, domin da zarar an zare wannan shaida ta tafi har abada. Da farko a tura rota ta jingina da boris ɗin da ke tare ta a tsawo, a fuskar da take jingina lokacin aiki, saboda hanyar gas tana buɗewa ne kamar mazurari, kuma gusawar rota gaba ko baya tana canza rata. Sannan a auna hagu da dama a bakin haɗin ganga da siraran ƙarafan awon rata, a kusa da goshin fiffike da kuma kusa da jelarsa. Sama da ƙasa ba a ganinsu da ido, sai ta wayar dalma da ake matsewa a auna kaurinta, ko ta na'urar awo da ake ɗaura wa fiffike ɗaya a zagaya da shi. Awonmu ya nuna ratar ta wuce ta littafi ko'ina, amma ba daidai ba: wani gefen ya fi wani matsewa, alamar gangar ta ɗan bar da'ira. Da ba mu auna ba, da mun mayar da gyararrun fikafikai cikin ramin da ya cinye na farko.

Aka zare fikafikan, aka rubuta lambar shaidar kowanne da gurbin da ya fito. A yi hattara da abin rubutu: fensir da alƙaluman da ba a amince da su ba suna barin sinadaran da ke cin gaurayen nikel idan ya ɗau zafi. Kowane fiffike ya shiga nasa gurbi a akwati, ba ya taɓa ɗan'uwansa. Takardun da masana'antar gyara ta nema su ne jerin lambobin, awanni da yawan tayarwar saitin, sau nawa aka taɓa gyara shi, irin man da aka ƙona, irin ƙarfen da irin shafen, da hotunan leƙe. Takardar gyaran baya ce ta tsayar da mu mako guda, kuma suna da gaskiya da suka dage, don kowane cire shafe yana rage kaurin bangon fiffike. Ba mu da saitin ajiya, saboda haka injin ya zauna jiran nasa. Gyara kaso ne kawai na kuɗin sabon saiti, amma kowace ranar da inji ke tsaye tana cin nata, kuma a ƙarshe jiran ya fi gyaran tsada.

A masana'antar, abin farko da na ce a yi kafin a cire shafe shi ne gwajin iska. Ana hura iska da sanannen matsi ta gindin kowane fiffike a auna yawan da ke wucewa. A kan fiffike akwai ƙananan ramuka, faɗinsu bai cika wuce milimita ɗaya ba. Waɗansu na fitar da ƙurar da ta shigo da iskar sanyaya don kada ta taru a kwanar hanyoyin ciki, waɗansu kuma a gefen ciki dab da kai suna shimfiɗa siririyar iska mai sanyi da yoyon ke ɗauka ya lulluɓe leɓe da ita. Gwajin ya nuna fikafikan da suka fi ƙonewa su ne iskarsu ta ragu, domin goga ta shafe ƙarfe a bakin ramukansu, ƙura ta ƙarasa toshewa. Daga nan aka kankare shafen tangaran da feshin yashi, aka cire shimfiɗar ƙasa, wato wadda ke ƙarƙashin tangaran, da asid, aka jiƙa su da ruwan rini mai ƙyalli da ke fito da tsagu a ƙarƙashin fitila, aka ɗauki hoton eksire, aka auna kaurin bango. Fiffike ɗaya aka yanka shi gunduwa-gunduwa don a duba cikin ƙarfen da madubin ƙara girma, a ga ko zafi ya lalata ƙwayoyin da ke ba shi ƙarfi. Wannan ba ya dawowa, sai an tanadi madadinsa, kuma ba wanda ya faɗa mana sai da aka zo wurin. Kada a ji ƙyashin yankan. Masu aikin nan sun daɗe da sanin cewa ƙarin digiri 10 zuwa 15 a zafin ƙarfe kan rage kwanan fiffike da rabi, kuma ido ba ya ganin wannan daga waje.

Bayan mako biyu rahoto ya iso, ya kasa saitin gida huɗu: ƙaramin gyara, matsakaici, babba, da waɗanda ba su gyaruwa saboda tsaga ta gangara ta shiga hanyar iska ko bango ya yi siriri. Kuɗin da aka faɗa da farko na dubawa ne da ƙaramin gyara, na gaskiya sai yanzu ya fito, ya kuma fi shi nesa ba kusa ba. Duk mai shirin wannan aiki ya sa a rubuta farashin kowane gida da na madadin fiffike tun a yarjejeniyar farko, lokacin da kayansa ke hannunsa.

Sai maganar walda, inda na fi daɗewa ina tambaya. Ana goge kan har a wuce ƙarshen tsaga, a gasa fiffiken a tanderun da aka zuƙe wa iska don ya yi laushi, sannan a gina sabon leɓe layi bisa layi, ko da waldar hannu a kan fiffiken da aka ɗumama ya yi ja, ko da leza da garin ƙarfe. Gaurayen da ke da alminiyam da titaniyam da yawa suna da ƙarfi a wuta amma suna tsagewa bayan walda, shi ya sa wasu ke cikawa da ƙarfe mai laushi irin Inconel 625, wanda ke waldu cikin sauƙi. A kan fiffiken sahun farko wannan sauƙin mai walda ne kawai, domin bai kai ƙarfen asali jure ƙuna ba, kuma wurin da aka sa shi shi ne ya fi ko'ina zafi. Mun biya ƙari aka yi da ƙarfen ciko mai jure ƙuna, kuma na sa an rubuta sunansa a takarda. Bayan walda aka sassaƙa kwarmin da tartsatsin lantarki zuwa zurfinsa na asali, aka sake huda ramuka, aka sake gashi, aka sake rini da eksire. A nemi awon zurfin kwarmi da kaurin leɓe, ba tsayin fiffike kaɗai ba: kwarmin da ya yi sama-sama ba ya karya yoyo yadda ya kamata, leɓen da ya yi siriri kuma yana saurin ƙonewa. Shafe ya zo ƙarshe, shimfiɗar ƙasa mai alminiyam sannan tangaran na zirkoniya mai kashi 7 zuwa 8 na itiriya, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Feshin yana tsuke bakin ramuka, don haka sai an sake gwajin iska ga kowane fiffike. Uku daga namu sun faɗi, aka koma aka buɗe su, ya ƙara mana kwana biyar. Daga fita zuwa dawowa mako takwas.

Yayin jiran muka canza farantan ganga da sababbi masu shafen da ke sallamawa idan fiffike ya taɓa shi, aka kuma gyara zaman gangar ta dawo tsakiya. An so a bar fikafikan su ɗan fi tsawo don rata ta ƙara matsewa, kuma kwaɗayin yana da tushe: a injunan jiragen sama, injiniyoyin NASA sun ruwaito cewa rage rata da milimita 0.25 kan rage shan mai da kusan kashi 1 cikin ɗari, zafin gas ɗin fita kuma da kusan digiri 10. Ban yarda ba. Ratar sanyi da ke littafi an lissafa ta ne da mafi munin matsewar da injin zai gamu da ita, wanda ya ci daga cikinta kuwa zai ji daɗin mako guda, goga ta farko ta kankare sabon shafen, a koma gidan jiya.

Fikafikan sun dawo da takardar jeri, wadda ta nuna gurbin kowanne bisa nauyinsa da inda nauyin ya rinjaya, kuma ba a sauya ko gurbi ɗaya don girgiza. Aka ɗaura, aka sake auna rata a wuraren da aka auna da farko, aka ƙirga kowane makulli da tsumma kafin rufewa, aka juya rota a hankali kunne a jikin ganga. Tayarwar farko daga sanyi aka yi ta, aka ɗora lodi mataki-mataki ana kallon girgiza da bambancin zafi tsakanin ma'aunan gas ɗin fita. Sai da ya yi awanni da cikakken lodi, faifai suka gama ɗaukar zafi, sannan aka yi gwajin ƙarfi a kan ma'aunin da aka fara da shi. Mafi yawan abin da ya ɓace ya dawo, kuma a ranar ne na yi barci mai kyau.

Da zan sake, zan tanadi saitin ajiya da takardun gyaran baya wata shida kafin ranar buɗewa, in kuma sa gwajin iska na farko da na ƙarshe cikin yarjejeniya da alƙalumansu fiffike bayan fiffike. A wajen aiki mun rubuta ƙa'idar jira bayan katsewa daidai da littafin injin, muka manna ta inda mai tayarwa zai gani, muka kuma rage tazarar canza matatun iskar shiga, don ƙurar da ta tsallake su ita ce ke ƙarewa a ramukan kan fiffike. Kafin a rufe ramukan leƙe mun ɗauki hoton kowane kai yana sabo, daga kusurwar da aka ɗauki na farko, da lambarsa a jiki. Leƙe na gaba bayan awa 8,000 ne, kuma wurin da za a fara kai kyamara shi ne leɓen ciki, daga tsakiya zuwa jela.